Azumin Ƙarya a Kafanchan

Tun da na dawo daga Kafanchan matan unguwarmu suka hana ni sakat. A gidan suna, a makarantar Islamiyya, har a layin karɓar magani, tambayar guda ce: wai me na ci a can? Babu mai tambayar lafiyar hanya, babu mai tambayar mutanen da na je wa. Na gaji da amsa rabi-rabi, shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ta karanta ta huta. Sai dai in faɗa tun yanzu, wadda ke jiran ta ji na yi abin a yaba gara ta ajiye takardar.

Wadda na je wa ita ce Saratu, ƙawata tun muna kwalejin horon malamai ta mata, gadonta a sama nawa a ƙasa. Kirista ce, 'yar asalin can. Da muka gama ta koma gida ta yi koyarwa har ta yi ritaya, sannan ta buɗe gidan abinci. A shekara talatin da wani abu Saratu ta zo Kano ban san iyaka ba. Ta zo bikina, ta zo sunan 'ya'yana, da maigidana ya rasu kwana bakwai ta yi tana wanke-wanke tare da 'yan uwana. Ni kuwa ko sau ɗaya ban taɓa taka garinsu ba. Kullum da uzurina, yau hanya ba kyau, gobe yara na jarrabawa, jibi Alhaji bai bari ba. Da Alhaji ya rasu, yara suka watse, sai uzuri ya ƙare mini ƙaf.

Ainihin dalilin ban taɓa gaya wa kowa ba. Tsoron abincinsu nake. Ina son Saratu har cikin raina, ina tsoron tukunyarta, abin da kuma na fi tsoro duka shi ne ta gane haka. Ana gobe tafiya na yi kuskuren zuwa sallama da yayata Rabi, wadda ba ta taɓa wuce Zariya ba amma babu garin da ba ta san sirrinsa ba. Ta ce naman can ba a tambayar sunansa. Na ce to zan ci kifi. Ta dube ni kallon tausayi ta ce kifin a tafin hannu za a dafa shi, ko a tukunyar da aka dafa na jiya? Da wannan guzurin na kwana.

Ranar Laraba da sassafe na shiga mota. Kusa da ni wata mata ce mai jiki, ta saro atamfofi a Kwari za ta kai Kagoro, kuma tun daga tasha bakinta bai huta ba, in ba magana ba to tauna. A Zariya ta sayi ƙosai, a Pambeguwa dafaffiyar gyaɗa, a Saminaka gasasshiyar masara, kowanne sai ta miƙo mini. Ni da na tashi a gidan da mace ba ta tauna a gaban maza, na riƙa juya fuska wajen taga ina tura gurasa da dambun naman da na taho da su ta ƙarƙashin hijabi. Ku riƙe wannan, na ci na ƙoshi a hanya.

Babu boda tsakaninmu da su, amma mutum yana sanin ya ƙetare. Bayan Saminaka coci-coci suka fara yawa, mata da fartanya a kafaɗa, sannan direba ya waiwayo ya ce mini, "Momi, ka gyara ƙafa." Na duba bayana ina neman namijin da ake wa magana. Mai atamfa ta yi dariya ta ce haka Hausarsu take, kowa namiji ne sai an bincika. A shingen jami'an tsaro aka leƙo aka gaishe ni da Momi, aka gaishe ta da Momi, muka wuce.

Muna dab da Kagoro wata akori-kura ta sha gabanmu, hanya kuma ba wurin wucewa. Na ga wasu hantuna jajaye suna leƙowa ta tsakanin katako. Na tambaya, duk da na riga na san amsa. Mai atamfa ta ce gobe Alhamis kasuwar aladu ke ci a Kafanchan, har daga kudu ake zuwa saye. Muka bi bayan motar nan kamar masu rakiyar amarya, suna kuka ina ta'awwuzi, muryar Yaya Rabi tana yi mini amo a kunne har muka shiga gari.

Saratu na tsaye a tasha tun kafin mu iso. Ta yi ƙiba, kanta ya yi fari, amma dariyar nan tana nan yadda na san ta. Ta rungume ni ta ɗaga ni sama a gaban 'yan acaɓa, tana gaya wa duk mai kunne cewa ga 'yar uwarta daga Kano, yau Allah ya amsa addu'arta. Ko gida ba mu je ba, ta zarce da ni shagonta.

Wurin ba wani babba ba ne. Rumfar kwano ce da tebura na roba, allo a bango an rubuta abincin ranar da alli da rubutun malamar makaranta, madafi a baya. An haɗa tebur biyu an lulluɓe da sabuwar leda domina. Ta riƙa buɗe kwanuka tana gabatar da su ɗaya-ɗaya kamar 'ya'yanta: tuwon acca da miyar karkashi, gwate mai ganye da yakuwa, wake da aka dafa da manja aka barbaɗe da riɗi, sai farfesun kayan ciki yana tururi. Sannan ta zaro takarda daga jaka. Ashe tsarin kwana uku ta rubuta, wane gidan abinci za mu je da safe, wane da rana, wane da yamma, har da wurin da ta ja wa layi biyu. Ta ce a makaranta yunwa muka sha tare, yanzu za mu rama.

Ƙamshi ya tsinka mini yawu. Na kalli naman da ke cikin farfesun, na kalli fuskarta cike da murna, na nemi hanyar tambaya ba tare da na ɓata mata ba na rasa. Sai na ji bakina ya ce, "Saratu, ai azumi nake."

Ta tsaya da murfin kwano a hannu. "Azumi a kan hanya, Binta?"

Saratu ta zauna da Musulmi, ta san matafiyi yana da sauƙi. Dole na ƙara wa ƙaryar gishiri. Na ce ramuwa ce ta kwana uku da na sha saboda ciwo, na riga na ɗaura niyyar yin su a jere. Na ƙara da cewa in na sha ruwa cikina ba ya ɗaukar abu mai nauyi, sai shayi da burodi. A lissafina kwana ukun za su cinye ziyarar, in koma gida ban ci ba, ban kuma ɓata wa kowa ba. Har na ji daɗin basirata.

Ta rufe kwanukan a hankali. Ba ta yi musu ba, cewa kawai ta yi ibada gaba take da komai. Ta juya ta sanar wa masu aikinta, da masu cin abinci, da mai shagon da ke maƙwabtaka, cewa 'yar uwarta na azumi, kada wanda ya tauna ko goro a gabana. Wani bawan Allah da ke tsakiyar cin sakwara ya ɗauki farantinsa ya koma waje. Talatu, babbar mai dafa mata, mace mai kamar shekaruna, ta jawo mini kujera ta ce, "Momi, ka huta. Allah ya karɓa." Na ce amin, muryata ko rawa ba ta yi ba.

Da rana ta kusa faɗuwa ta kai ni gidan burodi shan ruwa. Gidan wani Ibo ne da aka haifa a garin, tanda tana bayan shago, burodi na fitowa da zafinsa ana jera shi a katako, ga mai shayi ya kafa tebur a ƙofar don ya san inda ciniki yake. Nan na fara ganin abin mamaki. Mutum da matarsa zaune a benci ɗaya suna tsoma burodi a kofi ɗaya, jariri a kafaɗar mijin. Tsofaffi mata uku da littafin waƙoƙin coci suna cin fanke suna gulma hankali kwance. A wurinmu mace mai shekaruna ta zauna a teburin mai shayi, kafin ta ajiye kofi labari ya kai dangin mijinta cewa gida ya lalace. Mu aike muke a sayo a leda, a juye a kwanon gida, a ci a yi kamar mu muka dafa. Su kuwa a fili suke cin abinsu, babu mai kallon wani.

Aka kira sallah daga masallacin bayan kasuwa, Saratu ta miƙo mini dabino da ta aika aka nemo. Na sha ruwan azumin da ban yi ba, na yi sallah a bayan shagon, na dawo na ci burodi mai zafi da shayi. Ina cikin ci ta ce ta yanke shawara za ta taya ni. Su ma a zumuntar matan cocinsu suna azumi daga shida zuwa shida, kuma a ganinta ba daidai ba ne baƙuwa tana jin yunwa mai gida tana tauna. Sai ta haɗa da addu'ar ɗanta Bulus da ke neman aiki. Tana faɗa tana ɓallo ƙwayar magani daga jaka. Na tambaya ta ce na suga ne, ya kama ta shekara shida ke nan. Na ce mai suga bai kamata ya yi azumi ba. Ta ce likita ma haka ya ce, amma likita ba Allah ba ne. A nan ya kamata in faɗi gaskiya, na sani, amma sai na kurɓi shayi na ce mu dai bar maganar zuwa gobe.

Masaukina ɗakin 'yarta ne da ta yi aure. Na tarar da sabuwar buta da sabuwar darduma, sannan a kan siminti an zana kibiya da alli. Ta ce maƙwabcinta Bafillace ta kira ya nuna mata alƙibla. Na daɗe ina kallon kibiyar nan, raina ba daɗi. Na ƙudura cewa gobe zan yi azumin gaske, ƙarya ta koma gaskiya, kowa ya huta.

Gajiyar hanya ta yi mini mugun aiki. Ban farka ba sai da rana ta shigo ta taga. A bakin ƙofa na tarar da fulas ɗin shayi da dafaffen ƙwai huɗu, sahur ɗin da ta ajiye mini tun da asuba ta wuce shago. Na yi sallah, na zauna muna kallon juna da ƙwan nan. Na yi wa kaina fatawa cewa ƙwai dai da ɓawonsa aka dafa shi, ko wace irin tukunya ce ba ta taɓa cikinsa ba. Ƙarfe takwas na safe na cinye sahur tas, na tattara ɓawon na zuba a jakar hannuna don kada a gani a shara.

Ƙwai huɗu ba sa riƙe mace irina. Kafin azahar cikina ya fara kira, ga shi ina zaune a shagon da ake soya albasa. Na ce wa Saratu zan zaga in sayo citta da zuma na tsaraba. Ta so ta haɗa ni da Talatu, na ce ai wanda ya iya Kano ba ya ɓata a Kafanchan.

Na nufi unguwar Hausawa kai tsaye. Kusa da wani masallaci na hangi mai waina, su masa suke ce mata, da hijabinta har ƙasa, tanda na ƙara. Na ce alhamdu lillahi, na zo gida. Na yi sallama na zauna na ce a zubo da miyar taushe. Ta ɗaga kai ta ƙare mini kallo, sai ta tambaya ko ni ce baƙuwar Maman Bulus daga Kano. Ban gama buɗe baki ba ta ce ai tun da safe aka aiko a ajiye mini masa ta shan ruwa, da yamma za ta soya mini sabuwa, wannan kafin magariba ta huce. Ta yi mini sannu da ibada, ta ce irinmu masu ramuwa da wuri mun yi ƙaranci. Na ce dama leƙowa na yi in ga ko ba a manta ba. Na tashi na bar mata masarta.

Na canja dabara. Na ce bari in je inda ba a san tsofaffi ba. A bakin babban titi akwai wani sabon wuri mai ƙofar gilashi, ana shan kofi da askirim, ɗaliban kwalejin Gidan Waya sun cika shi kowa da waya a hannu, kiɗa na tashi a hankali. Na gyara hijabi na shiga, na nuna wani naɗaɗɗen abu da suka ce shawarma ce ta kaza. Tsoron tukunya a lokacin ya tafi hutu, don yunwa ba ta san Yaya Rabi ba. Mai wurin, saurayi mai ladabi, ya russuna ya ce, "Momi, welkom. Ai na gan ka a sitatus na Mama. Shi ne ya koyar da ni a firamare." Ya juyo mini wayarsa, sai ga ni a tasha an ɗaga ni sama, a ƙasan hoton an rubuta cewa ina azumi a taya ni addu'a. Ya naɗe shawarmar da kyau, ya ce kada in wahala da ɗauka, zai aika shagon Mama kafin ƙarfe shida. Ina ji ina gani aka mayar da ita cikin gilashi.

Garin nan kowa ɗalibin Saratu ne, ko ɗan cocinsu, ko mai kawo mata kaya. A Kano sai ka yi shekara kana cin amanar cikinka maƙwabci bai sani ba. A ƙarshe gidan burodi na koma, don mai azumi ma yana sayen burodi da rana ba a zarge shi ba. Na sayi guda mai zafi, na ɗauki shatar keke ni kaɗai na ce a zaga da ni in ga gari. Na ja hijabi na rufe har hanci na shiga aiki. Mun kai wajen tsohuwar tashar jirgi mai keken ya dubi madubi ya ce, "Hajiya, ka ci a hankali. Burodin nan yana shaƙe mutum in ba ruwa." Ya miƙo mini ruwan leda ba tare da ya waiwayo ba. Na karɓa na sha, na cusa ledar burodin da ta ruwan a jaka.

Wajen ƙarfe uku na koma shago da 'yar cittata a hannu, na shirya fuskar mai azumi. Wurin ya cika da 'yan kasuwa. Abin da na fara gani shi ne dattawan Fulani uku da rawunansu sun sa tuwon acca a gaba, sandunansu jingine da bango. Can kuma wani Alhaji mai carbi yana suɗe ƙashi. Ina tsaye wani mahauci mai gemu ya sauke cinyar sa daga babur, Talatu tana ce masa Malam, yana ba ta uzurin ya tsaya sallah ne. Abin da tambaya ɗaya za ta warware ne na ɗauro wa kaina wannan wahala, ga shi yanzu babu ƙofar fita.

Na shiga madafi na tarar da Saratu a bakin wuta, zufa ta jiƙe mata riga. Tun safe take tsaye, ko gishirin miya Talatu ke ɗanɗana mata. Ta yi mini murmushi ta ce sannu da ƙoƙari, saura kaɗan. Ta ce bari ta ɗan zauna, sai kawai ta sulale a ƙasa ta jingina da buhun gawayi, leɓenta ya yi fari. Talatu ta ce Saratu ta sha maganin safe ba ta ci komai ba, ta ruga ta kawo lemon kwalba ta buɗe. Saratu ta kau da kai.

"Saura awa uku," in ji ta, muryarta can ƙasa. "Ke da kika sha hanya ba ki karya ba, sai ni?"

Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba tun ranar da aka fita da Alhaji zuwa asibiti. Na durƙusa a gabanta na ce, "Saratu, ba azumi nake ba. Jiya ma ban yi ba. Ƙarya na yi miki."

Ta yi ɗan murmushi ta dafa hannuna. "Kar ki ɓata ladanki saboda ni, Binta. Na san halinki."

Ga ni na faɗi gaskiya karon farko a kwana biyu, ita ce kuma aka ƙi yarda da ita. Na rantse, ta girgiza kai. Ba shiri na kife jakata a gabanta. Ɓawon ƙwai ya zubo, ledar burodi da ɓurɓushinsa, ledar ruwa a tsotse. Masu cin abinci sun taru a ƙofar madafi, har da dattawan Fulani. Don in cire mata shakka na ɗauki ludayi na ɗebi farfesu daga tukunyar da ke kan wuta na kai baki, da nama da komai. Ya ƙona mini harshe, na haɗiye, na sake ɗiba. Saratu ta kalli tarkacen, ta kalle ni, sannan ta miƙa hannu ta karɓi kwalbar ta shanye. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce shi dai a rayuwarsa bai taɓa ganin an sha ruwa da la'asar da ludayi ba.

Da ta ci abinci hankalinta ya dawo, ta sa kowa ya fita ta tambaye ni me ta yi mini. Na ce ba ta yi komai ba, tukunya nake tsoro. Na gaya mata duka, har da Yaya Rabi da akori-kura. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tun da ta buɗe shagon naman Malam take saye, abin da nake tsoro bai taɓa shiga ƙofarta ba, rabin masu cin abincinta daga masallaci suke fitowa. "Da kin tambaye ni tun kina Kano da na gaya miki," in ji ta, "kuma da ban ji haushi ba." Ranar nan bayan wannan, sallamar "sai da safe" kawai ta haɗa mu.

Da gari ya waye na fara harhaɗa kayana, don na ɗauka zaman ya ƙare. Sai ga ta a ƙofa da takardar nan a hannu, ta sa tabarau irin na ranar jarrabawa. Ta ce tsarin kwana uku ne, na ɓata biyu, saboda haka yau za mu yi shi duka. Sharaɗi ɗaya ne, duk inda muka shiga ni zan yi bayani da bakina.

Mai masa muka fara. Na tsaya gabanta kamar ɗalibar da aka kama da satar amsa na ce jiya yunwa ce ta kawo ni, ba dubiya ba. Ta yi dariya har masa ta ƙone a tanda, sannan ta zuba mini ta ce in ci kafin in sake ɗaura wata niyyar. Daga nan sai wata rumfa a bayan kasuwa inda wata tsohuwa ke yin gwate kaɗai, ba ta sayar da komai sai shi, ma'aikata da 'yan acaɓa suna layi da kwanukansu. Mai kauri ne, da tsamin yakuwa da ɗacin gauta, cokali biyu na farko na ɓata fuska, na uku na nemi ƙari. Saurayin mai gilashi ya saurari bayanina da ladabi, ya ce babu komai Momi, sannan ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Ya ba ni shawarmata da kofi mai ɗaci kamar maganin zazzaɓi, ɗalibai suna sha suna lumshe ido. Na roƙe shi kada ya ɗauki hoto, Saratu ta ce ya ɗauka.

Wurin da ta ja wa layi biyu na kifi ne. Tarwaɗa ce da rai a cikin baho, mai saye ya nuna wadda yake so a kama a yi masa farfesu yana zaune. Saratu ta ce in nuna da kaina, in bi matar har bakin murhu, in leƙa tukunya in ƙoshi da kallo, in ma ina so in tambayi asalinta da sunan maƙerinta. Mai kifi ta ɗauka da gaske ne ta fara ba ni tarihin tukunyar. A nan muka fashe da dariya tare, irin wadda muke yi a ɗakin kwana har a kashe mana fitila. Na ci kifin nan da citta da yaji har hancina na zuba, a bainar jama'a, da maza a teburin kusa. Na sassauta zani sau biyu kafin mu kai gida. A raina na ce shi ke nan, ta huce.

Ranar Asabar ta raka ni tasha da kula a hannu. Na sami wuri kusa da taga, ta tsaya a waje muna 'yan maganganun sallama, a gaida yara, a gaida Yaya Rabi da kyau. Direba ya tayar da mota. Sai ta matso ta rage murya.

"Ƙaryar azumi na yafe, har na ci riba da ita. Amma jiya na kasa barci ina tunani. Shekara talatin ina gaya wa mutane hanya ce ta hana ki zuwa, ko maigida. Ashe wannan ne."

Na buɗe baki in ce ba haka ba ne, uzuri uku suka zo mini a lokaci ɗaya, kowanne da kyansa. Sai na tuna ta jingine da buhun gawayi. Na ce, "Shi ne, Saratu."

Ta gyaɗa kai, idonta ya ciko. Ta ɗaga kular ta turo mini ta taga, da nauyinta da zafinta, ta ɗora a cinyata.

"Wake da riɗi ne. Kular kuma ina son abata," in ji ta. "Ki dawo mini da ita da ƙafarki. Ba na karɓar aike."